Na Kai Sauron Zuru Ƙasar Waje

Tun da na dawo daga Jamhuriyar Benin ban huta da tambaya ba. In na zauna wurin mai shayi a bakin tasha, tambaya. In na fito daga coci ranar Lahadi, tambaya. Har wani abokina tsohon soja ya tare ni a tsakiyar kasuwa, wai ya ji an ce an tura ni rakiyar sauro ƙasar waje, gaskiya ne ko sharrin maƙiya? Gaskiya ne. Kuma tunda kowa yana ƙara wa labarin nasa gishirin, har an fara cewa a jirgin sama muka tafi, gara in ba da shi da kaina in huta.

Sunana Ishaya, amma a Zuru ba mai kirana da shi sai matata Saratu, ita ma sai in na yi laifi. Duba-gari ake ce mini, don aikina ke nan. Na tsufa ina shiga gidajen mutane ina kifar da tsofaffin tukwane da tayoyi, ina faɗa a kan kwata da ruwan da ya kwanta. In akwai mutumin da sauro ya tsana a ƙasar Zuru, to ni ne, ni ma kuwa ban taɓa ɓoye masa ra'ayina ba.

Ga abin da ya jawo tafiyar. An daɗe ana raba mana gidan sauro mai magani, kuma da farko yana aiki, da safe har gawarwaki ake sharewa. Daga baya sai mutane suka fara kuka: sauro yana sauka a jikin gidan ya huta abinsa, ya jira hannun yaro ya jingina da ragar ya sha ta nan. Na kai kukan sama, sai aka ce ai mutanenku ne ba sa kwana a ciki, shingen lambu suke yi da shi, suna rufe kaji. To, na ga masu yin hakan, ba zan yi ƙarya ba. Amma autarmu Rahila fa? Ni da hannuna nake cusa mata gefen ragar ƙarƙashin katifa, duk da haka damina ba ta fita sai an kwantar da ita an yi mata ƙarin ruwa. Bara har ta fita hayyacinta a hannun uwarta, ranar na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Da na faɗa wa wani babba a wurin aiki, sai ya ce, "Malam Duba-gari, ba a sayen kaya da 'mutane sun ce'. Ka kawo hujja."

Hujjar ce ta haɗa ni da Dakta Asabe, malamar jami'a, 'yar ƙasarmu, wadda karatunta duka a kan ƙwari ta yi shi. Ta ce tana zargin sauronmu ya saba da maganin da ke jikin ragar. Akwai wani sabon iri mai ƙarin magani, amma ya fi tsada, kuma kwamitin da ke sayo gidajen zai zauna kafin damina. In ba a ajiye musu sakamakon gwaji a gabansu ba, tsohon za su sake sayowa. Kayan gwajin da take da su sun lalace, sai na abokan aikinta a Paraku, cikin Benin. Abin da ake so kuwa shi ne matan sauro da suka sha jini suka ƙoshi, a kai su can da ransu su yi ƙwai, a gwada 'ya'yan. Ita tana jego. Ta dube ni ta ce, "Baba, kai ne ka fi kowa sanin halinsu."

Muka bi gidaje da asuba, Zuru da Dabai har Ribah, muna zuƙo su da wani bututu mai 'yar raga a tsakiya don kada mutum ya haɗiye. Har ɗakin Rahila na shiga, na same su a kusurwa sun yi nauyi, cikinsu jajir. Aka zuba su a kofunan takarda, na kowane gida daban, aka ɗaure bakin da raga, aka ɗora auduga mai ruwan sukari, aka jera a kula irin ta ajiye ƙanƙara, aka lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul. Dakta ta kafa mini doka: ban da rana, ban da turare, ban da kiyashi, kuma ko kusa ban da hayaƙi. Saratu na tsaye tana kallona ina ɗiga musu ruwan sukari, ta ce, "Ishaya, ni da na haifa maka 'ya'ya, ko sau ɗaya ka taɓa jiƙa mini sukari ina da ciki?"

Daga Zuru muka kama hanyar Mahuta zuwa Koko. Dakta ta kama wa kula kujerar gaba kusa da ni, ka ga kuwa wurin mutum guda ya tafi, na baya sun matsu kamar an ɗaure itace. Nan gunaguni ya fara. Wata mata ta ce allurar rigakafi ce. Wani ya ce jini ne za a kai asibiti. Wani saurayi ya rage murya ya ce shi ya san ƙoda a irin wannan kular ake ɗaukarta. Ni dai duk ramin da direba ya faɗa sai in rungume kula kamar mai goyon jariri. Da direban ya zaro sigari na roƙe shi don girman Allah ya mayar. Da wani Alhaji mai sayar da shanu ya fito da kwalbar turare zai shafa, shi ma na roƙe shi. Shi ne ya gaji ya dafa kafaɗata.

"Malam, ka hana direba taba, ka hana ni turarena. Don Allah mi ke cikin wagga kula?"

Na ce sauro ne.

Alhaji ya ce in sake faɗa, na sake. Ya ce, "Masu rai?" Na ce masu rai, mata, masu ciki.

"La ilaha illallahu! Mu muna nan mun matsu, ƙafata ta mutu tun Mahuta, ashe sauro anka ba gidan gaba! Direba, tsaya mu ga abin da idonmu."

Direba ya tsaya kuwa, don shi ma dariya ta hana shi tuƙi. Na ɗaga tawul kaɗan suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Na yi musu bayanin ragar da ba ta kisa, sai dariyar ta ragu, don ashe kowa a motar yana da nasa labarin. Matar nan ta ce jikanta aka binne bara da kaka. Daga nan har Koko ba wanda ya ƙara gunaguni, kuma da rana ta juyo ta gefena, Alhajin ne ya ciro rawaninsa ya rataya mini a gilashi. Amma bai fasa tsiya ba, duk garin da muka wuce sai ya ce, "A gaida Hajiyoyi, ya gajiyar hanya?"

A Koko na canja mota, muka bi ta Bagudo, muka haye gadar kogin Kwara, muka wuce Kaoje har Tsamiya, inda iyaka take. Na nuna wa ɗan kwastan ɗinmu takardar izini. Ya karanta, ya dube ni, ya sake karantawa, ya kira abokan aikinsa. Ya ce tun da ya sa kaki ya ga masu fitar da fetur, ya ga masu fitar da masara, amma yau ce rana ta farko da wani ɗan kishin ƙasa ya zo fitar da sauro. Ya sara mini ya ce, "Wuce, Baba. In akwai saura ka dawo ka kwashe, har na barikinmu za mu haɗa maka."

A ɗaya gefen abin bai zo da sauƙi haka ba. Jandarman Benin ba ya dariya. Da wani mai canjin kuɗi ya fassara masa abin da ke cikin kula, sai ya ɓata rai, wai ko an gaya mana su ba su da nasu ne? Ya karɓi katin rigakafina mai ruwan ɗorawa ya duba, sannan ya nuna kula ya ce su fa, ina nasu katin? Har yau ban sani ba ko wasa yake yi. Mutanen nan suna girmama hatimi fiye da yadda muke girmama surukai. Takardata ta shiga ofis ta fito, ta sake shiga wani, kowa ya buga mata nasa, ni kuma ina tsugune ƙarƙashin darbejiya ina yayyafa wa tawul ruwa, ina jin rana tana cin ƙeyata, zuciyata na cewa in suka mutu a nan, da wane baki zan koma Zuru?

Sai yamma lis muka shiga Kandi, kuma motar Paraku sai da safe. Direba ya kai ni gidan wata Hajiya Mariyama da ke saukar da matafiya. Dattijuwa ce mai fara'a, tana jin Hausa irin ta mutanen bakin iyaka, ɗakinta tsaf, an share an shimfiɗa sabon zani. Ta kalli kula ta tambayi abin da ke ciki. Ni kuwa na gaji da zama abin kallo tun safe, sai na ce amana ce aka ba ni. Ta ce Allah ya fid da ni kunya, ba ta ƙara tambaya ba. Na ɗora kula a kan kujera, na tsoma ƙafafun kujerar a gwangwanayen ruwa saboda kiyashi, na buɗe murfi na janye tawul don su sha iska, na fita neman abinci.

Abincinsu sai da na yi masa shiru na girmamawa. Sakwara ce mai laushi da miyar gyaɗa, a ciki an jefa wani soyayyen cuku na Fulani da suke kira wagashi, wanda na ɗauka nama ne sai da na tauna. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba komai, ya hau babur. Da a Zuru na ga haka da na rufe gidan burodin. Na ci na ƙoshi, na sayi ayaba, na dawo ina tafe ina sakace, raina fes, ana kiran magariba.

Tun daga zaure na ji warin. Shekarun da na yi ina aikin nan, ko a mafarki na san warin maganin sauron nan na kunnawa, mai naɗe-naɗe. Na watsar da ayaba na ruga. Ƙofar ɗakina a rufe, taga a rufe, hayaƙi na fitowa ta ƙasan ƙofa. Hajiya na zaune a tabarma tana jan carbi, ta tare ni da fuskar mai neman gafara.

"Baƙona, ka yi mani haƙuri. Na kai maka ruwan wanka, sai ni ji kukan sauro cikin ɗakin, irin da ban taɓa ji ba gidan ga. Wallahi kunya ta kama ni. Baƙo daga Najeriya ya tahi shi ce gidan Mariyama sauro ya cinye shi? Shi ne na kunna maka guda biyu, na ja ƙohwa. Yanzu ko ɗaya ba ka samu."

Ban san lokacin da na yi ihu da C'lela ba, harshenmu na Zuru da sai abu ya kai mini wuya yake fitowa. Na banke ƙofa, na sungumo kula na fito tsakar gida ina tari. Na jera kofuna a ƙasa, na cire hula ina yi musu fifita. Duk sun zube a gindin kofi, ƙafafu sama. Na durƙusa ina cewa, "Ku tashi, don Allah ku tashi." Ni, Duba-gari. Hawaye na zuba, rabi na hayaƙi, rabi na gaske, don ba sauro nake gani a kofunan ba, Rahila nake gani a gadon asibiti, da wata daminar da za ta zo da tsohuwar raga.

Mutanen gida suka kewaye ni. Hajiya ta leƙa kofi, ta dube ni, ta ja da baya a hankali kamar yadda ake yi wa mai taɓin hankali. Sai da na yi mata bayani cikin sheshsheka sannan ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo ni Mariyama, na kashe amanar baƙo!" Ta ɗauko maficinta ta durƙusa kusa da ni. Haka muka yi ta fifita, ni da hula ita da mafici, jikokinta na riƙe da fitila.

Can sai wata ta motsa ƙafa. Ta mirgina, ta miƙe, ta yi tangaɗi kamar wadda ta kwana a gidan burkutu, ta tashi ta kama raga. Sai wata. Sai wata. Kafin a kira isha'i yawancinsu sun hau raga suna shan sukarinsu, kaɗan ne suka riga mu gidan gaskiya. Hajiya ta rangaɗa guɗa, sannan ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Tsaya, Malam. Wanga magani, namu sauron ko warinai ya ji ya gama. Naku ya sha guda biyu ƙohwa ruhe ya tashi? Daga wane gari ka ce kake?"

Na ce Zuru.

"To shi ya sa. An ce ku kowane gida da soja. Ashe har sauronku ya sha horon soja a difo."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Amma ina cikin dariyar sai na lura da wani abu. Kofin da ya fara tashi duka, ba ko gawa ɗaya a ciki, shi ne mai alamar gidana. Abin da nake yi wa murna, shi ne abin da ke kwana da 'yata.

Da safe Hajiya ta raka ni tasha da kanta, ta ja wa direba kunne a kan taba, ta ba ni ƙullin wagashi in kai wa Saratu. Muka isa Paraku rana ta take, ɗan acaɓa ya kai ni wurin binciken, na tarar da ƙofa a garƙame. Ashe su can in rana ta yi tsaka, kowa sai ya rufe ofis ya tafi gida ya ci abinci ya yi barci, sai wajen la'asar a dawo. Mu a nan ma ana yin haka, sai dai ba ma rubuta shi a jikin ƙofa. Na zauna ƙarƙashin mangwaro ni da maigadi, ba ya jin Hausa ba na jin Faransanci, muka yi ta yi wa juna murmushi ina yayyafa ruwa.

Da aka buɗe, wata Madam mai farar riga ta karɓe ni, da mataimakinta Idirisu, wanda ke jin Hausa. Ina ajiye kula na ce masa ya gaya mata ba sai sun wahala ba, an riga an gama binciken a Kandi, ni da Hajiya Mariyama. Na kwashe labarin duka na ba su. Madam ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan ta ce, ta bakin Idirisu, labarin ya yi daɗi, amma wane magani ne a cikin abin da aka kunna, kuma yaya ƙarfinsa? Hayaƙin ya shiga kowane kofi daidai? Akwai wani sauron da aka ajiye a gefe don a kwatanta? Na ce babu. Ta ce to in ta rubuta wannan ta aika wa kwamitinmu, me za su kira shi? Na san amsar: "mutane sun ce". Raina ya ɗan sosu, amma gaskiya ce.

Idirisu ya zaga da ni. Na ga ɗaki guda cike da sauro a keji, ana kula da zafinsa da sanyinsa fiye da ɗakin haihuwar wani asibitin. Suna da wani iri da suke kiwo wanda bai taɓa haɗuwa da magani ba. Ya zuba su a bututu mai takardar magani irin na jikin ragarmu, kafin mu gama gaisawa sun zube, kuma ba su tashi ba. Ya ce haka za a yi wa 'ya'yan namu, gefe da gefe da waɗannan, a maimaita a sake maimaitawa, da tsohon magani da sabo. Da zai ɗauki kofin gidana na riƙe shi kaɗan. Ya ce, "Lafiya, Baba?" Na ce jinin 'yata ne a cikinsu, a yi aikin da kyau. Ya karɓa da hannu biyu.

Dawowa ba labari, kula ba komai a ciki, na ɗora ta a but ɗin mota kamar kowane kaya, na yi barci har Koko. Bayan 'yan makonni Dakta Asabe ta kira ni ta ce sakamako ya zo: tsohon maganin ba ya kashe yawancinsu, sabon yana kashewa. Ta saɓa jaririnta ta je ta ajiye wa kwamiti. Ban san abin da aka tattauna a ciki ba, ba a gayyatar irinmu. Na dai san da aka zo rabo kafin damina, ragar da aka sauke a ƙasarmu ba irin ta da ba ce.

Ni na ɗaura wa Rahila tata. Washegari da sassafe na shiga ɗakin, tana barci, hannunta jingine da raga kamar kullum. Na duba hannun, ba ko ɗigo. A ƙasa kuwa, gefen katifa, ga su nan a zube, ƙafafu sama. Na tsuguna na daɗe ina kallonsu, har na ɗan hura musu iska da baki, don na san halinsu. Ba wadda ta motsa.

Saratu ta leƙo da tsintsiya a hannu ta ce, "Ishaya, in kawo hular fifita ne, ko mu fara karɓar gaisuwa?"

Na ce ta rage murya, yarinya na barci. Na karɓi tsintsiyar na share su da kaina.